Tambaya da Amsa: Zan iya buɗe nazare a zauren gidanmu?

Tambaya: Salamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Na gama sakandare, ina da aure da yara 2, matan unguwarmu masu zuwa aiki kullum sai su kawo min yaransu in riƙe musu, shi ne nake tunanin in gyara zaurenmu ya zama 'yar nazare ina karɓar kuɗi, amma maigida ya ce za a zo a rufe tunda ba ni da takarda, kuma wai raino ba sana'a ba ce. Gaskiya ne? Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar takarda kam maigida yana da gaskiya, amma cewa ba sana'a ba ce, a'a wallahi ban yarda ba. Tun 1840 wani Bajamushe Froebel ya sa wa irin wannan makaranta suna kindagatin, a 1907 kuma wata 'yar Italiya Maria Montessori ta buɗe tata a unguwar talakawa a birnin Rum, yaran da iyayensu ke fita aiki ta tara, irin naki ɗin nan dai, yau ga sunanta nan a allunan makarantun kuɗi ko'ina, har da waɗanda ba su san me matar ta koyar ba.

Mu nan Najeriya dokar ilimin matakin farko (UBE) ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya, shi ya sa kike ganin ajin 'yan dagwai-dagwai a firamaren gwamnati ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Nazare ta kuɗi kuwa sai kin yi rajista da ma'aikatar ilimi ta jiharki, za su turo masu duba wuri, su ga iska da haske, bayan gida, ruwan sha, filin wasa, ƙofar da yaro ba zai sulale ya fita titi ba. To zaure ɗaya da babur ɗin maigida a jingine a ciki gaskiya da wuya ya tsallake.

Ni dai in kin ji tawa ki fara da karatu. NCE ita ce ƙaramar shaidar koyarwa a ƙasar nan, shekara 3 ce, kuma kwalejojin ilimi da yawa suna da sashen ilimin ƙananan yara, in zuwa kullum ba zai yiwu ba saboda gida ki tambayi cibiyar NTI mafi kusa, wato cibiyar horar da malamai ta ƙasa, ta Kaduna ce uwar, karatun ƙarshen mako suke yi. Bayan nan ki yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Albashin malamar nazare a makarantun kuɗi ba ya da wani auki, ba zan ɓoye miki ba, sai dai shekara biyu kina aiki a ƙarƙashin wata za ki koyi abin da ba a koyarwa a aji, yadda ake lallashin mai kukan safe da yadda ake bin iyaye bashin kuɗin makaranta ba a ɓata ba.

Kafin nan yaran maƙwabta ki ci gaba da riƙewa, amma kar su fi ƙarfin idonki, ki ajiye lambar wayar kowace uwa, kuma kar ki ba ɗan kowa magani sai da saninta.