Yadda muke shan shayi da gahawa a Mai Wurno

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka ce ka ji labarin Hausawan Sudan ba sa rabuwa da wuta da buta, kana so ka san ko irin shayin mai shayin bakin tashar Ringim muke sha. Ba irinsa ba ne. A wajenku shayi abinci ne: babban kofi, madara, burodi, wani lokaci har da ƙwai, mutum ya sha ya tafi gona. Mu nan, tun da kakanninmu suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna bakin Kogin Nilu kusa da Sinnar, a wannan gari da ya ci sunansa, mun ɗauki al'adar mutanen ƙasar, ana shan kaɗan kaɗan a ƙaramin kofin gilashi, sau uku ko huɗu a yini. Mai madara da asuba da bayan magariba, jan shayi kuwa bayan cin abinci, da na'ana'a ko kanumfari ko kirfa.

Gahawa ce mai aiki, ita muke kira jabana, sunan 'yar butar yumɓun da ake zuba ta ciki. Ɗanyen ƙwayarta ake saye, yawanci daga Habasha take zuwa, kuma ba a soya ta a ajiye. Wadda za a sha yanzu ita ake soyawa yanzu. A ɗebi cikin tafin hannu ɗaya a zuba a ƙaramin kasko, ba mai, a kan garwashin da ya daina hayaƙi, ana juyawa ba tsayawa kamar minti 10. Za ka ji tana ƙara, ta yi duhu, ta fara sheƙi. Nan ake saukewa. In aka bar ta ta yi baƙi ƙirin, ƙauri ya shiga, sukari ba ya gyara ta. In kuma aka yi gaggawar saukewa, tsami za ta yi.

Sai a daka a ƙaramin turmin da bai taɓa ganin barkono ba, a bar ta da ɗan tsaki, kada ta yi laushin garin tuwo, don mai laushi ba ta tacuwa. Cokali 3 a cike na isar ruwa kofi ɗaya da rabi, da dakakkiyar busasshiyar citta rabin ƙaramin cokali. Ɗanyar citta ba ta dacewa. A tafasa a butar ƙarfe, duk sanda ta taso za ta yi bori a ɗaga, a mayar, sau biyu ko uku. In ta zube, ƙamshin ne ya tafi. A bar ta minti 2 guggubin ya kwanta, sannan a juye a jabanar da aka ɗumama, a toshe bakinta da zaren dabino ya zama matata. Sukari a finjali ake sa shi, wato ɗan kofin da ake shan ta, kowa da gwargwadonsa.

A ganina mai jin hawan jini ko rashin barci ya tsaya a finjali ɗaya, kuma kafin la'asar. Tsofaffinmu da yawa ma ba su bar kunu da fura ba, da su suke karyawa, gahawa sai da hantsi, a kunna turaren wuta a kawo dabino ko gugguru.

In za ka gwada a gida, Baffa, ka lura da ruwa. Na rijiya mai zartsi yana kashe ɗanɗanon shayi da gahawa duka. Sabuwar butar yumɓu kuma a fara tafasa guggubin gahawa a cikinta a zubar, har sai warin ƙasa ya fita.