Tsohon lilo: a gyara ko a sayi sabo?

Malam, kan tambayarka ko ƙaramin wurin wasa ya gyara tsohon lilo mai gudu kan layin ƙarfe ko ya sayi sabo, lafiyar ƙarfen za a fara dubawa. A kankare fenti a wuraren walda da sandunan tayoyi, a yi gwajin maganaɗisu, wato a sa wa ƙarfen maganaɗisu a barbaɗa garin ƙarfe ya taru inda tsaga take, domin tsagar da ƙarfe ke yi idan ya gaji da aiki ba kasafai take ganuwa da ido ba. In babu tsaga, gyara ya fi sauƙi: a sauya boris, robar tayoyi da sarƙar ja.

Sai batun birki: birkin matsi, wanda ke matse lilo ya tsayar da shi, yana cinyewa, ruwan sama kuma yana rage kamunsa. Na maganaɗisu ba ya cinyewa, amma ba ya tsayar da lilo cak, don haka a bar na matsi a tasha. Sabon lilo kuwa, in na'ura ɗaya ta lalace sai jiran kamfanin da ya ƙera shi.

Kafin a ɗauki mutane, a gwada da buhunan yashi.