Tambaya da Amsa: Fim ɗin kaboyi da rigimar gado

Tambaya: Malam, marigayi mahaifinmu ba ya wasa da fim ɗin kaboyi. Ni kuwa duk wanda na kunna, dawaki da ƙura da harbi kawai nake gani. Akwai mai labari da zan zauna in kalla da iyali?
Mai karatu daga Unguwar Rimi, Kaduna

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba. Akwai su, amma ka nemi waɗanda aka gina kan garke da gida, ka bar na 'yan fashin banki.

Fara da Broken Lance na 1954. Spencer Tracy ne uban, attajirin shanu mai zafin rai, da 'ya'ya huɗu maza. Uku uwarsu ta rasu, autan kuwa ɗan amarya ne, kuma shi ne ɗan lele. Manyan suna yi wa uban aiki, lada yake biyansu, ya hana su kaso a dukiyar. Da kamfanin haƙar tagulla ya gurɓata ruwan da shanu ke sha, tsohon ya kai musu farmaki, magana ta je kotu, autan ya ɗauki laifin ya yi shekara uku a gidan yari. Kafin ya fito, baƙin cikin yayyensa ya kashe uban. 'Yan ubanci ne tsantsa. Ina jin uwargida za ta riga ka gane inda aka dosa.

Na fi son Red River na 1948. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, shanu sun yi kwantai a Texas, sai an kora su arewa a ƙafa kafin su yi daraja. Dattawan Zangon Tudun Wada da suka san zamanin kora shanu zuwa Kurmi ba sa bukatar bayani. John Wayne ne mai garken, ya kafe sai an kai shanun Missouri, ya gallabi makiyayansa, har ya ce zai rataye waɗanda suka gudu. Nan ɗan riƙonsa, Montgomery Clift, ya ƙwace garken ya nufi Abilene a Kansas, inda jirgin ƙasa ya iso. Uban ya rantse sai ya kashe shi.

Ƙarshensa ne bai gamsar da ni ba. Duk wannan gaba, mace ɗaya ta harba bindiga ta yi musu faɗa, wai shi ke nan sun shirya. Haba!

Ba shi da kala, kuma ya haura awa biyu, don haka ka bari sai yara sun yi barci.