Ɗige-ɗigen fari a renda: sai na sayi sabon kati?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ofishin zanen cikin gida a Jidda, na haɗa majalisa a Blender, manhajar zanen 3D, daɓen marmara da babbar fitilar gilashi a silin. Rendan Cycles, wato hoton ƙarshe da injin Cycles na Blender ke lissafawa, na fitowa da ɗige-ɗigen fari kamar an watsa gishiri, ga baƙin tabo a kusurwar bango. Na kai samful 8000, kwamfuta ta kwana tana aiki, suna nan. Wani mai shago ya ce katin girafik ɗina ne ya gaza. Mai aikin yana jira, wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, kwantar da hankalinka, riyalinka kuma ka riƙe abinka tukuna.

Wannan magana ta "ƙara samful, sayi kati" kullum sai na ji ta kuma tana ɓata min rai, don yara masu neman na kansu take cinye wa kuɗi da lokaci. Sabon kati hoton nan dai zai ba ka da ɗigoginsa, sauri kawai zai ƙara, shi mai shago kayansa yake son sayarwa bai ma buɗe fayil ɗinka ba. Samful kuwa, wato yawan gwajin hasken da ake yi wa kowane fiksel (ƙwayar hoto), lissafinsa a fili yake: sai ka ninka shi sau 4 kafin dusar hoton ta ragu da rabi, wato daga 8000 sai 32000, kuma ko a nan ɗigogin ba lallai su tafi ba, saboda asalinsu haske ne guda da ya yi tsalle daga marmara mai sheƙi ko ya ratsa gilashi ya faɗa kan wani ɗan mitsitsin ƙwai mai tsananin ƙarfi, sai ya dawo da adadin da ya fi na maƙwabtansa nesa ba kusa ba, ya rinjayi fiksel ɗin gaba ɗaya. Masu bidiyon "saitin sirri" a YouTube ba sa faɗin wannan, lamba kawai suke rabawa mutane suna kwafa ido rufe, haba!

Fara da fitilar. Waɗancan ƙananan ƙwayaye masu fitar da haske a cikin gilashi ka rage musu ƙarfi su zama ado, ka sa fitila ta gaske mai ɗan faɗi ta haska ɗakin. A saitin renda kashe kostik (Caustics, hasken da ke taruwa bayan ya bugi abu mai sheƙi ko ya ratsa gilashi) guda biyun, na sheƙi da na ratsawa. Kilam (Clamp, iyakar ƙarfin haske) na hasken da ya yi tsalle yana zuwa a 10, sauke shi zuwa 3 ko 5, amma kar ka matse shi sosai hoton zai dushe, na haske kai tsaye kuma bar shi. In hasken sama ke shigowa ta taga, sa mata fotal (Portal, saitin fitila da ke nuna wa Cycles inda hasken waje ke shigowa).

Baƙin tabon nan matsalar gini ce, yawanci fuska biyu ne suka hau kan juna. A Edit Mode zaɓi komai, danna M ka haɗe ɗigogin ginin (vertices) da suka maimaitu, Shift+N ya gyara nomal, wato inda kowace fuska ke kallo, bangon kuma ka ba shi kauri.

Dinoyiza, mai goge dusar hoto, a ƙarshe ake kunna ta, in ka riga ka kunna ta, ɗigogin za ta shafe su su koma tabo. Fita daga Edit Mode, danna Ctrl+B ka ja akwati a kusurwar da ta fi muni don nan kaɗai a yi renda, gwada da samful 256, kana canza abu ɗaya kana dubawa.