Tambaya da Amsa: Me ya haɗa jaka da naira 200?

Tambaya: Malam, kakarmu in ta aike ni cefane sai ta ce "ga jaka biyar", alhali naira dubu ce ta miƙo. Ina jakar take? Daga wata ɗaliba, Gusau.

Amsa: 'Yata, kakarku ta fi ki gaskiya, lissafinta ne ya girme ki. A zamanin Turawa, idan kuɗi ya kai fam ɗari a jaka ake ƙulle shi, har "jaka" ta zama sunan adadin. Da aka kawo naira a watan Janairun 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, fam ɗari kuwa naira 200. Jakar ta tafi, suna ya tsaya. Ki leƙa kasuwar Maraɗi, can "jikka guda" sefa dubu ce, wato dala ɗari biyu, tunda dalarsu sefa biyar ce.

Ai kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce, wato ɗan farin ƙwanson nan na teku da ake ciniki da shi a da. Da Bahaushe ya daina ciniki da wuri, bai tsaya ƙirƙiro sabon suna ba, ya ɗora tsohon a kan ƙarfe da takarda, yau har kan abin da ake turawa ta waya. Haka "jirgi": na ruwa ne asali, kafin dogo ya iso Kano a 1911 a samu na ƙasa, daga baya na sama.

Masu cewa yaran yanzu na ɓata Hausa, ni ban cika biye musu ba. Kakanninsu ne suka aro "kwabo" da "sisi" daga Turanci suka mai da su Hausa, har muke cewa "ba ni da ko sisi" alhali yawancinmu ba mu taɓa riƙe shi ba.