Tambayi Likita: Ta ina ɗalibar likita za ta koyi kula da mai gigin tsufa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina aji biyar a karatun likita. Lacca ɗaya aka yi mana kan gigin tsufa, lokacin da muke sashen ƙwaƙwalwa. Yanzu kakata ta fara cigiyar mijinta da ya daɗe da rasuwa, kuma ni kowa ya zuba wa ido a gida. Na haddace sunayen magunguna, amma na rasa abin da zan ce musu. Ta ina zan fara?
Wata ɗaliba, daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah Ya ba Hajiya lafiya.

Fara da tambayar yaushe abin ya soma. Idan cikin kwana biyu ko uku ta rikice, ki nemi zazzaɓi, ciwon mafitsara, rashin bahaya ko wani sabon magani, domin wannan ruɗewa ce da ke warkewa in an kawar da sanadinta. Idan kuwa a hankali ya shigo cikin watanni ko shekaru, a auna mata suga, hawan jini, bitamin B12 da aikin maƙoƙo, a duba jinta da ganinta, a kuma bincika ko damuwa ce.

Magungunan da kika haddace, irin su donepezil da memantine, ba sa warkarwa. Sauƙi kaɗan suke kawo wa wasu. Mafi yawan aikin yana hannun mutanen da ɗaliban likita ke wucewa a baranda ba su tsaya ba. Ki sa a tattaro duk magungunan Hajiya a leda ɗaya, har na kemis da na gargajiya, ki kai wa mai harhaɗa magunguna ya zazzage su a kan tebur. Sau da yawa a nan ake ganin maganin hawan jini iri ɗaya da suna biyu ana sha tare, ga ƙwayar barci, ga Piriton, wadda ke ƙara wa tsoho ruɗewa. Nas ce za ta nuna miki yadda ake juya wanda ya kwanta don kada bayansa ya yi gyambo. Masu gashin ƙashi su ne za su lura da dokin ƙofar da zai kayar da ita da tabarmar da ke zamewa a hanyar banɗaki. Wannan duk ba ya cikin lacca, kuma abin yana damuna ƙwarai, ganin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan lalura sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu.

Wasu makarantun sun gane haka. Tun 1997 Jami'ar Northwestern da ke Chicago take haɗa ɗalibin aji ɗaya da mai cutar Alzheimer, wato wani nau'in gigin tsufa, da ke matakin farko, su riƙa haɗuwa a wajen asibiti. A Ingila, makarantar likitoci ta Brighton da Sussex tana tura ɗalibai bibbiyu su riƙa ziyartar iyali guda har shekara biyu, kuma ɗaliban jinya ma na cikin shirin. A zagayen safe na asibiti minti goma kike yi da tsoho, an yi masa wanka an gyara shi. A gida ne za ki gan shi da magariba, lokacin da ruɗewar ke tashi, ya ɗauki takalmi wai zai tafi gidansu, 'yan gida su ce iska ce. A nan kuma za ki ga surukar da ba ta samun barci. Ita ma mara lafiyarki ce, kuma ta fi kowa sanin halin da ake ciki, don haka ki zaunar da ita ki saurare ta.

Zancen mijinta kuwa, kada a riƙa sanar da ita rasuwar kullum, don duk lokacin sabon makoki ne a wurinta. A ce, "Hajiya, ba mu labarin Alhaji," a bar ta ta yi ta bayarwa har hankalinta ya kwanta.

Ki kula da gwajin ƙwaƙwalwa da ke cikin littafinku, mai cewa a rubuta jimla ko a yi ta cire 7 daga 100. Tsohuwar da ba ta yi boko ba, za ta faɗi wannan gwajin ko da ƙwaƙwalwarta garau take. Akwai gwajin IDEA, da aka tsara a Tanzaniya aka kuma jarraba a Najeriya: a ce ta lissafo dabbobi cikin minti ɗaya, ta faɗi sunan mai garinsu, ta jera tsinken ashana yadda aka nuna mata. Ni nakan ƙara da tambayar iyali ko ta fara rikita raka'o'in sallah, ko lissafin kuɗin cefane.

Idan lokacin zaɓen wurin ƙarin horo ya zo, ki nemi Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Chief Tony Anenih a asibitin koyarwa na Ibadan, wadda aka buɗe a 2012. Kafin nan, ki roƙi shugabar nas ta ɗakin da kike ta bar ki ki bi su aikin dare, ki kuma ja abokan karatunki biyu ku tafi tare.