Wane sashe ya kamata kamfani ya fi zuba wa jari?

Tambaya: Kamfaninmu yana da sassa huɗu, kuma duk shekara idan aka zo kasafin kuɗi, kowane manaja sai ya dage cewa sashensa ne ya fi cancanta. Na ji ana maganar jadawalin BCG. Zai iya raba wannan gardama?

Amsa: Zai taimaka, matuƙar an fahimci abin da yake aunawa. Bruce Henderson, wanda ya kafa kamfanin Boston Consulting Group a Amurka a 1963, shi ne ya yayata jadawalin a 1970. Ana ɗora kowane sashe a kan ma'auni biyu: saurin bunƙasar kasuwarsa, inda aka saba ɗaukar kashi 10 cikin ɗari a shekara a matsayin iyaka tsakanin kasuwa mai saurin bunƙasa da mai jinkirin girma, da kuma kasonsa a kasuwar idan aka kwatanta da na babban abokin gogayyarsa. Idan sashenku yana riƙe da kashi 30, mai bi masa kuma yana da 15, ma'auninku 2 ne, wato kun ninka shi.

Da waɗannan ma'auni jadawalin ke raba sassa rukuni huɗu: sashen da ke kan gaba a kasuwa mai bunƙasa shi ne tauraro. Wanda ke kan gaba a kasuwa mai jinkirin girma shi ne saniyar tatsa. Mai ƙaramin kaso a kasuwa mai bunƙasa alamar tambaya ne, mai ƙaramin kaso a kasuwa mai jinkirin girma kuwa kare ake ce masa.

Amfanin jadawalin yana wajen nuna inda kuɗi zai fito da inda zai shiga. Manajan saniyar tatsa zai kawo hujjar cewa shi ke samar da riba mafi tsoka, kuma gaskiya ya faɗa, amma kasuwarsa ba ta da sauran filin da sabon jari zai haihu. A bar masa abin da zai kare matsayinsa, rarar kuma a tallafa wa tauraro da ita, sannan a zaɓi alamar tambaya ɗaya tak da ake da yaƙinin za ta kai gaci. Raba kuɗin daidai wa daida, don kada ran kowa ya ɓaci, shi ne kuskuren da na fi jiye muku.

Kada kuma ku yi gaggawar rufe sashen da ya faɗa rukunin kare. Ku fara duba ko shi ke samar wa sauran sassan kayan aiki, ko kuma shi ke janyo masu saye zuwa gare su, domin jadawalin yana kallon kowane sashe shi kaɗai ne, ba ya lissafa irin wannan dogaro.